Randar Baƙi

Tun da na dawo ban huta ba. Safiya ta zo da safe ta tambaya, Rabi ta zo da yamma ta tambaya, har mai ƙosan bakin layinmu sai da ta tsayar da ni tana cewa, "Wai da gaske ke kika tsaya gaban Jawro kina ɗaga murya?" To, na gaji da maimaici. Ga shi nan na rubuta sau ɗaya, wadda ta sake tambayata takarda zan miƙa mata in wuce. Kuma ban ɗaga murya ba. Muryata ce haka.

Kun san tun da na bar lise, wato sakandare, ina zaune a gida. Sai wata ƙungiya mai duba ruwan sha a ƙauyuka ta nemi wanda ke jin Hausa da Fulatanci da Faransanci, wanda kuma ba ya ƙyamar ɗaukar kaya. Na je, suka ɗauke ni gwaji. Ranar da zan tafi Inna ta raka ni bakin ƙofa, ba ta ce in kula da jakata ba, ba ta ce in kula da mota ba. Cewa ta yi, "Hajara, bakin nan naki, ki bar mini shi a gida."

Wanda aka haɗa ni da shi sunansa Mushe Hamadu (Mushe na Faransanci, wato Malam), Bafulatani dogo, siriri, mai sanyin hali. In ya fara gaisuwa sai shayi ya huce. Shi ne mai auna ruwan, ni mai ɗaukar akwati da tafinta. A cikin akwatin ƙananan kwalabe ne, kowace da 'yar takarda mai magani a ciki. Ka zuba ruwa, ka rufe, ka ajiye a wuri mai ɗumi kwana ɗaya. In ruwan ya yi baƙi, to akwai ƙazantar bayan gida a cikinsa, ta mutum ko ta dabba. In bai canza ba, lafiya lau. Sai a ɗauki hoton kwalbar da waya a tura ofis a nan Garwa, hoton ya tafi da sunan wurin.

Ƙauyen da za mu, Wuro Danki, yana can bayan Guider, dab da iyakar Najeriya. Ma'aikaciyar jinyar wurin, Madam Marta, ta yi ta aiko da takarda cewa gudawa na kayar da yara, kuma ruwa take zargi. Ofis kuwa kayan gyaran da ke hannunsu ba za su ishi kowa ba kafin damina. Ƙauyen da kwalabensa suka yi baƙi za a je masa. Wanda nasa suka fito fes, a soke sunansa a wuce gaba.

Mun tashi daga tasha da hantsi, bayan direba ya rantse sau uku cewa saura mutum ɗaya. Bazara ce, ba sai na faɗa muku zafin ba. Kusa da ni wata mata ce da kwandon busasshen kifi a cinya, ni kuma akwati a tawa cinyar, muna ta gogayya da gwiwa. A Pitowa motar auduga ta tare hanya, muka tsaya. Matar ta leƙa akwatina ta ce, "Turare kike sayarwa?" Na ce, "Da turare ne, da ke zan fara ba." Motar ta ɗauki dariya, ita ma ta dara, har ta ba ni kifi biyu. Mushe Hamadu dai ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi maganar.

A Guider muka kwana, gidan wata goggonsa. Mutanen Guider ba su san abinci ba gyaɗa ba. Miya gyaɗa, kunu gyaɗa, abin taɓawa ƙuli-ƙuli. An kawo tuwon jar dawa da miyar tafasa, na ci na ƙoshi, ba zan yi musu ƙarya ba, ya yi daɗi. Abin da ya ba ni mamaki ruwan wanka ne. Mu da muka tashi a bakin Binuwai ba mu san darajar ruwa ba, sai ka ga mutum ya sheƙa bokiti biyu don ya wanke ƙafa. A can rabin bokiti aka miƙo mini, kuma aka ce in tsaya cikin baho, ruwan da ya taru na tumaki ne.

Daga Guider babu mota, sai babur. Hanyar duwatsu ce, na rungume akwatin kamar jariri, haƙorana na karo. Kafin ƙauyen akwai shingen jandarma, igiya ce da gwangwanaye a rataye. Jandarman mutumin kudu ne, ba Hausa ba Fulatanci. Ya juya katina gaba da baya, sannan ya buɗe akwatin ya ga kwalabe a jere.

"Wannan fa? Ƙwaya za ku ƙetare da ita?"

Na ce masa da Faransanci, "Shef, wanda zai kai ƙwaya Najeriya ai ya kai gishiri teku."

Mushe Hamadu ya taka mini ƙafa. Ya shiga bayani a hankali, daga farko har ƙarshe. Jandarman ya saurara, sai ya ɗauko jarkar ruwansa daga ƙarƙashin benci ya ce, "To ku fara da nawa. Tun da aka kawo ni nan cikina bai zauna ba." Kwalabe biyu kacal muka riƙe na ko-ta-kwana. Mushe Hamadu, da ba ya iya cewa a'a, ya ba shi ɗaya. Saura ɗaya ke nan. Ku riƙe wannan, za mu dawo kanta.

Wuro Danki sun karɓe mu kamar mun dawo daga Hajji. Jawro, wato mai garin, dattijo ne mai farin gemu, tsohon ɗan tireda, Hausa a bakinsa kamar Bakano. Aka sauke Mushe Hamadu a zaure, domin a gidan namiji baƙo ba ya wuce nan. Ni kuwa aka shige da ni ciki wurin matar gidan, Dada Habiba. Ban gama zama ba ta zo da ƙwarya a rufe da sabon faifai, ta durƙusa, tsohuwa guda, ta miƙo mini ruwa da hannu biyu. Ruwan garau, sai ɗan ƙarnin ƙarfe. A Garwa wa zai durƙusa mini? Sai dai a ce, "Ke, ga firji can." A can kuwa baƙo ba ya taɓa komai da hannunsa. In ka miƙa hannu za ka ɗauki buta, wani ya riga ka. Da farko na ji daɗi. Kafin la'asar na fara jin kamar an ɗaure ni.

Muka je ɗakin shan magani. Madam Marta 'yar ƙabilun kan dutse ce, Kirista, gajera, idanunta sun faɗa don rashin barci. Ta nuna mana yara a kwance kan tabarmi, ana ɗura musu ruwan gishiri da sukari da cokali. Akwai wata mai suna Asta, jikar Dada Habiba, ba ta fi shekara biyu ba. Madam Marta ta ɗan tsunkuli fatar cikinta, fatar ta tsaya a tsunkule ba ta koma ba.

Ta ce, "Ina warkar da su, su koma gida, bayan sati a dawo mini da su. Shugabana ya ce in ruwan ya fito lafiya, to ni ce ban iya aikina ba."

Muka shiga aiki. Famfon burtsatse ɗaya ne a garin, Mushe Hamadu ya ɗiba da hannunsa. Daga nan muka bi gida gida. A kowace ƙofa sai ya yi sallama, ya yi gaisuwar nan tasa, ni kuma in fassara: "A kawo mana ruwan da kuke sha." Sai a fito da ƙwarya a rufe da faifai, a durƙusa a miƙo. Ya zuba a kwalba, ya yi godiya, mu wuce.

Washegari da azahar muka jera kwalaben a kan tabarmar zaure. Ko ɗaya ba ta yi baƙi ba. Jawro ya shafa gemu ya ce, "Alhamdu lillahi, na ce muku mu famfo muke sha." Madam Marta ta ɗauki kwalba ɗaya ta ɗaga ta a rana, ta ajiye, ta fita. Mushe Hamadu ya ɗauki hotuna, ya ce in rana ta yi sanyi zai hau dutsen bayan gari ya tura, domin nan kaɗai waya ke kamawa.

Na shiga cikin gida raina a ɓace, ga ƙishirwa. Dada Habiba na ɗaki tana sallah. Ba zan iya jiran a zo a durƙusa mini ba. Ga manyan randuna uku a gindin bishiyar dalbejiya, da moɗa a kai. Na buɗe ɗaya na ɗiba na kafa kai. Ruwan sanyi ƙalau, da ɗan garɗi, ya fi wanda ake ba ni daɗi nesa ba kusa ba. Sai da na sauke moɗar na ga launinsa, kamar an wanke gero.

"Kai! Kai, 'yata, ba wannan ba!" Dada Habiba ta fito a guje, carbi a hannu. "Wannan namu ne. Ga naku can."

Ta nuna wata ƙaramar randa a bakin zaure, an ɗaure bakinta da farin ƙyalle.

Na ce, "Dada, naku su wa?"

"Mu da yara."

"Daga ina?"

Ta kau da kai. Na sake tambaya, kun san ni. Ta zauna a kan turmi ta faɗa mini. Famfon ya daɗe da yin rauni, sai a yi ta bugawa kafin ya zubo kamar fitsarin akuya. Jarka ɗaya ke isa kowane gida a wuni. Wannan jarkar ta maigida ce da baƙi da shayin zaure. Sauran gida kuwa, mata ke zuwa mayo, wato busasshen kogin da ke gefen gari, su tona yashi su kwarfo.

Na ce, "To da muka ce a kawo ruwan da kuke sha, me ya sa aka kawo na baƙi?"

Ta dube ni kamar na yi saɓo. "Mutum ya taso tun daga Garwa, ya yi sallama a ƙofarki, ki miƙa masa ruwan mayo? Wace uwa ce ta haife ki?"

Sai ta kama hannuna. "Ki rufa mana asiri. Ranar da aka haƙa famfon nan, Jawro ya tsaya gaban manyan baƙi ya yi alkawari kowa shi zai sha. In aka ji mun koma mayo, za a ce mun yi butulci, ba za a ƙara ba mu komai ba. Kuma ki dubi furfurarsa."

Na ce, "Na dubi furfurarsa, Dada. Na kuma dubi cikin Asta."

Na ɗauko kwalbar nan ɗaya da ta rage, na ba ta moɗar na ce ta zuba da hannunta. Ta zuba. Na rufe na ce, "Ba zan riƙe ba, kada a ce 'yar birni ta sa wani abu. Ki ƙulle ta a gefen zanenki kamar goro, ɗumin jikinki ya isa. Gobe war haka ki kwance ki gani. In ba ta yi baƙi ba, ki mare ni."

Na fito zaure na tarar da Mushe Hamadu yana sa takalmi zai hau dutse. Jawro na zaune da dattawa biyu. Na ce, "Mushe, kada ka tura. Ka ba ni kwana ɗaya."

"Don me, Hajara?"

Wallahi na so in sakaya, na nemi kwanar da zan bi ban samu ba. Na ce, "Duk abin da muka auna ruwan baƙi ne. Yaran garin nan ba shi suke sha ba."

Mushe Hamadu ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ce da ni da Faransanci, ƙasa-ƙasa, "Tuwonsa ne a cikinki." Na amsa da Hausa don kowa ya ji, "Ruwansa ma na cikina, na randa biyun duka."

Jawro ya ɗago ya dube ni. "Yarinya, ni na haifi ubanki. A gidana abin da aka kawo mini shi nake sha."

"Gaskiya ne, Baba. Abin da aka kawo maka. Yaushe rabonka da ka ɗiba da kanka?"

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Ashsha." To, wannan shi ne ɗaga muryar da ake ta yayatawa. Jawro bai kore ni ba. Sai ya ce da Mushe Hamadu, "Malam, cire takalminka. Baƙonmu ne kai har gobe."

Ranar nan babu wadda ta durƙusa ta ba ni ruwa. An ajiye mini tuwo a bakin ƙofa kamar na kare, na cinye abina.

Da sassafe na bi matan zuwa mayo. Ashe kogin shi ne iyaka. Babu shinge, babu jandarma, sai wani tsohon dutse mai lamba da awaki ke soshe-soshe a jikinsa. Matan wancan ƙetaren, 'yan Najeriya, su ma nan suke ɗiba. Ɗaya ta ji Hausata, da yake 'yan Faransa suke kiran mutanen ɓangarenmu, ta ce, "Ke 'yar Faransa, ina kika samo wannan harshe?" Na ce, "Inda kika samo wannan ɗankwalin, a gwanjo." Muka yi dariya, ta taya ni tono. Rami ne ake yi da ƙoƙo har tsawon hannu, a jira ruwa ya tsattsafo. Taku kaɗan daga wurin, garken shanu ne ya kwana, ga kashinsu ko'ina a kan yashin. Ba sai da kwalba ba, ido ma ya isa. Amma ofis ba ya karɓar shaidar ido.

Da azahar zaure ya cika, labari ya zaga gari. Madam Marta na tsaye a waje da farar rigarta. Ni ban san abin da zai fito ba, domin ban ga kwalbar ba tun jiya, Dada kuma ba ta yi mini magana ba. Sai muka ji sallama daga ƙofar cikin gida. Dada Habiba ce, wadda aka ce ba a taɓa ganinta a zaure da maza a zaune ba. Ta durƙusa a bakin ƙofar, ta kwance gefen zanenta, ta ajiye kwalbar a gaban mijinta.

Baƙa ƙirin, kamar tawadar allo. Mushe Hamadu ya ɗan murɗa murfin, wari ya tashi kamar ruɓaɓɓen ƙwai, dattawa suka ja hula suka toshe hanci.

Dada ta ce, "Malam, ni na zuba da hannuna, a jikina ya kwana. Shi Asta ke sha. Shi 'ya'yanka suka sha, har waɗanda muka binne."

Jawro ya ɗauki kwalbar ya juya ta. Na ɗauka ni zai huce a kaina. Sai ya miƙe tsaye, ya gyara rigarsa, ya riƙe kwalbar a ƙirji ya ce, "Malam Hamadu, ɗauki hoton da ni a ciki. Ka rubuta gidan Jawro ne. In kunya ce, ta fara daga kaina."

Mushe Hamadu ya ce wayar ba ta da gurbin randa ta biyu, gida ɗaya ruwa ɗaya ta sani. Na ce ya rubuta a wurin ƙarin bayani, in bai isa ba ya ci gaba a goshina. Ya rubuta. Shi da kansa ya hau dutsen a tsakar rana, bai jira sanyi ba. Madam Marta kuwa ba ta yi godiya ba, ba ta yi kuka ba. Ta ɗaura zane a kan farar rigarta ta shiga gida gida tana sa a ɗora tukwane a tafasa ruwan yara, wannan karon ba wadda ta ce mata itace ya yi tsada.

Da za mu tafi na ce da Dada ina jin ƙishirwa. Ta harare ni ta ce, "Ga randa can, an tafasa. Ki ɗiba da kanki, mara kunya. Ke ai kin tashi daga baƙuwa." Ta cusa mini ƙullin gyaɗa a jaka.

A shinge jandarman nan ya taso da tasa kwalbar, ita ma baƙa, ya sara mini yana cewa "Dokta." Ban gyara masa ba. Daga Guider kuwa moɗar nan da na kafa wa kai ta fara neman hakkinta. Sau uku na tsayar da mota kafin Pitowa. Direba ya ce, "Hajiya, ko dai mu bar ki a nan?" Na ce ya yi haƙuri, aikin ofis nake yi, sakamako na biyu ne ke fitowa. Ranar na fara jin dariyar Mushe Hamadu.

Kwana biyu na yi a kwance. Da na koma ofis na tarar ba a soke Wuro Danki ba, suna cikin na farko, masu gyaran famfo sun riga sun tafi da maganin tsarkake ruwa. Madam Marta ta aiko cewa Asta ta tashi, har tana korar kaji. An ƙara layi a cikin wayar: randar baƙi daban, randar yara daban. An kuma ce daga yanzu ba tawagar da za ta fita ba mace, domin namiji iyakarsa zaure. Ni suka fara rubutawa. Gwaji ya ƙare.

Inna ta ce, "Bakin da na ce ki bari fa?" Na ce, "Na manta na tafi da shi." Ta yi tsaki, amma na ji ta da yamma tana ba maƙwabta labari, har da ƙari.

Shekaranjiya kawuna ya zo gaishe ni. Ina kwance na ga Inna ta wuce randar tsakar gida, wadda duk jikokinta ke tsoma moɗa, ta buɗe firji ta kawo masa ruwan roba a kan faranti. Ban ce komai ba sai da ya tafi. Yanzu haka akwai kwalba ƙulle a gefen zanenta, tana ta mita wai na mayar da ita Bafulatanar ƙauye.

Safiya, Rabi, gidajenku ne na gaba. In kun ji sallamata kada wadda ta taso da faranti. Ku nuna mini inda yara ke sha, zan ɗiba da kaina.